Awakin Hajiya Asama'u

Awaki biyar aka tarar a mace a gidan Hajiya Asama'u da ke Kurmin Sarki, ranar da ta je suna Izom. Da safe ta bar su suna tari, kamar yadda suke yi tun da damina ta zauna. Da ta dawo da azahar sai ta same su a kwance, ƙafafu a miƙe. Ko ɗaya ba a samu an yanka ba.

Ni dawowata ke nan daga bakin Gurara, inda muka bi sawun wani sa da aka sace, ba mu kuwa same shi ba. Ƙafafuna sun kumbura, ko wanka ban yi ba aka ce Mai Unguwa na kira. Sunana Bamalli. Boko ban yi nisa ba, kiwo na taso ina yi a hannun kawuna, a can na koyi duba ƙasa. In dabba ta ɓace a unguwa, ni ake nema. Mutuwar dabba kuwa ba a saba kirana a kanta ba.

Na tarar da ƙofar gidan cike da mutane, kowa da abin da yake faɗa.

"Guba ce, ba wata-wata."

"Ai da bakinta ta faɗa, a gabana."

Wadda ake nufi ita ce Folasade, da muke kira Maman Dami, Bayarabiya mai soya kifi a bakin tasha. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Hajiya. A ɗakin da take haya ta haifi ɗanta Damilare, a nan mijinta ya rasu. Tana shuka ganyen miya a buhuna a jikin katangar, awakin Hajiya kuma suna haurowa su cinye. Kwanan baya an ji ta tana cewa wata rana sai ta ga bayan awakin nan.

Mai Unguwa Nasiruddeen, wanda kuma shi ne mai gidan da take haya, ya ja ni gefe. Shi ma da gani a gajiye yake.

"Bamalli, na ce mata ta haɗa kayanta, mota za ta zo kafin magariba. Ba na so samarin nan su cinna mini wuta a gida. Kai dai duba mana inda ta bi, a samu abin faɗa wa mutane."

"Ranka ya daɗe, in na duba ban ga ta bi ba fa?"

"Kai dai duba."

Can nesa da ƙofar zaure na hango Kamaluddeen a tsugune, kai a ƙasa. Shi ne mijin Sadiya, 'yar Hajiya ɗaya tilo, bijimai yake kiwo a Madalla. Ba wanda ya yi mamakin ƙin shigarsa. Tun da ya auri Sadiya ba a taɓa jin maganarsa da Hajiya ta wuce gaisuwa ba, ita ma ba ta kama sunansa, sai dai "baban Khadija". Na yi masa jaje, ya ɗaga mini hannu, na shige.

*

Tsakar gidan duk an tattake ta, ba abin da mutum zai karanta. Hajiya na zaune a bakin ɗakinta, Sadiya na yi mata fifita. An ja awakin gefe an rufe su da tsohon tamfol.

"Sannu, Hajiya. Allah Ya mayar da alheri."

"Amin, ɗan nan. Ka ga ja ɗin can? Jikar wadda marigayi Malam, maigidana, ya bar mini ce. Ciki gare ta."

Na zauna a ƙasa na bar ta ta huta. Ni ba na son yi wa mai baƙin ciki tambaya a tsaye.

"Tarin nan, me kike ba su?"

"Me ban ba su ba? Kanwa na ba su, na jiƙa ɓawon maɗaci. Da ya ƙi, na aika aka karɓo garin magani wajen Chinedu, ina kaɗa musu a ruwan sha. Majina dai sai zuba take, numfashi kamar ana jan zarto. Ni da barci sai ɓarawo."

Sai na ji tari a sama da kaina. Wata baƙar akuya ce tsaye a kan tulin bulo, tana kallonmu.

"Waccan fa?"

"Waccan ja'irar? Ko ni ba na iya kama ta. Ita ce kuma ta fi kowa ci, in na zuba dusa sai ta ture sauran."

Na je na duba bahon dusa da na ruwa. Kaji na ta tsattsaga a ciki, suna sha suna ɗaga kai, lafiyarsu lau. Na riƙe wannan a raina. In a abinci aka zuba guba, mai haɗamar ce ya kamata ta fara faɗuwa.

Duk da haka inda aka nuna mini na bi, wato jikin katangar Maman Dami. Gansakuka ta rufe saman katangar kore shar, in mutum ya dafa ta sai ya bar shati. Kofaton awaki kawai na gani.

*

Na zagaya gidan Mai Unguwa. An riga an farke buhunan ganyenta, ƙasa da saiwa a warwatse. Tana ɗaure tukwane a cikin zani, ba ta ɗago ba.

"Mai sawu, kai ma ka zo? Shigo, duba, duba ko'ina. Ƙasan gado ma duba."

"Mama, gaisuwa na fara zuwa."

"Gaisuwa." Ta yi 'yar dariya. Ta miƙa hannu bayan ƙofa ta jefo mini wani ƙunshi. "Ga shi, maganin ɓera. Shi suke nema, ko? Waye ba shi da shi a Suleja? Mai Unguwa ma ni na sayo masa nasa."

"An ce kin ce sai kin ga bayan awakin."

"Na faɗa! Na faɗa wa akuya, na faɗa wa masu wutar lantarki, na faɗa wa Dami ranar da ya fasa mini fitila. Dami ya mutu? Yana Legas yana cin abinci." Ta zauna a bakin gadon da aka kwance. "Hajiya ce ta yanke wa yaron nan cibiya. Ranar da babansa ya mutu, a ɗakinta na kwana. Yau ta dube ni ta kau da kai. Abeg, a kan akuya?"

"Da safe ina kike?"

"Tasha. Duk direbobi sun ci kifina. Je ka nemo wanda zai zo nan ya faɗa, a gaban samarin can."

Na san ba mai zuwa. Na tambaye ta ina za ta in motar ta zo. Ta ce akwai wata 'yar cocinsu a Madalla da za ta ajiye mata kaya a baranda. Ita kanta kuwa ba ta sani ba tukuna.

*

Na hau acaɓa zuwa shagon Chinedu, mai sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwa. Labari ya riga ni. Tun kafin in zauna ya ɗora gwangwanin garin magani a kan kanta.

"Na ji, na ji. Wai maganina ya lalace. Karanta kwanan watan da kanka."

"Oga Chinedu, in zan iya karantawa da ba ƙasa nake duba ba."

Ya yi dariya, ya ɗan sauko. Ya ba ni kujera da ruwan leda.

"Wannan tailosin ne, na tari da majina. Kaza ma na sha. Na gaya wa yarinyar da aka aiko, in bai yi ba a kira likita ya yi musu allurar oksi. Ba a kira ba. Mutanenku sai dabba ta kwanta."

"Tarin kansa zai iya kashe biyar a safiya ɗaya?"

"Ciwon huhu na kisa, amma ɗaya yau, ɗaya jibi. Ba tare ba kamar an yi musu kiran sallah."

"To a cikin maganin tarin nan duka, akwai wanda zai yi haka?"

Ya tsaya yana kallona. Sai ya shiga ciki ya fito da wata 'yar kwalba, ruwanta kamar shayi.

"Wannan. Tilmikosin. Allurar ciwon huhu ce ta shanu da tumaki, tana aiki sosai. Amma akuya da doki, zuciyarsu ba ta ɗauka. Mutum ma in ya soki kansa da ita, sai addu'a. Ga shi an rubuta a jiki, amma da Turanci, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ni ba na bayarwa sai likita ya ce. Amma je kasuwar shanu ka gani, a faranti ake tallar ta tare da goro."

"A ina ake yin ta?"

"Ƙarƙashin fata, a wuya ko bayan kafaɗa. Wurin yakan ɗan kumbura."

Na roƙe shi ya zo gidan Hajiya bayan la'asar da kwalbar. Ya ce shi ba ya son taron unguwa. Na ce sunan shagonsa ma yana bakin mutane. Ya yi tsaki ya ce zai zo.

*

Kafin in koma hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na ɗaga tamfol na shafa wuyan awakin ɗaya bayan ɗaya. Kowacce da ɗan ƙullutu a gefen wuya, wuri ɗaya, hannun wanda ya saba. Na ɗaga kai na dubi baƙar akuyar a kan bulo. Waɗanda suka kamu su ne suka mutu.

Mai yi wa akuya allura shi kaɗai sai ya matse ta a kusurwa. Kusurwar garken tana can baya, ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da wata 'yar ƙofar langa-langa da ke fita lungu. Taro bai kai can ba, ni ma ɗazu ban kai ba, don katanga aka nuna mini.

Ruwan asuba ya bar wurin da laushi. Ga kofato an turje, ga sawun mutum a tsakani. Babbar ƙafa ce ta namiji, kuma ba takalmi.

Da farko na ce ɓarawo ne ya cire don kada a ji takunsa. Amma wa zai ji, da rana tsaka, gida ba kowa? Na bi sawun a hankali ina komawa baya har bakin ƙofar. A waje, cikin lungu, ga tayar babur, ga takun takalmi ya zo, ga inda aka ajiye takalman a jere, gefe da gefe, hancinsu na kallon gida. Daga ciki kuma, da shigowa kaɗan, yatsun ƙafa sun nutse a laka, dunduniya a ɗage, ga shatin hannu ɗaya a ƙasa. Mutumin ya tsuguna yana fuskantar ɗakin Hajiya. Gaisuwa ya yi wa ɗakin da ya san ba kowa a ciki.

Na daɗe a wurin. Gaskiya har na ɗaga kai na dubi hadarin, na ji da ma ya sauko ya share komai in tafi in kwanta. Sai na jiyo ƙarar mota a ƙofar gidan Mai Unguwa, ana jan gado a siminti. Na ɗauko bahon wanki na kife a kan wurin.

*

Bayan la'asar muka taru a tsakar gidan Hajiya. Mai Unguwa a kan kujera, Hajiya da Sadiya a bakin ɗaki, Chinedu a tsaye da kwalbarsa a aljihu. Maman Dami ta zo da jakarta a hannu, an riga an loda kayanta. Samari sun cika zaure suna leƙe.

"Ranka ya daɗe, a ce wa Kamalu ma ya shigo. Na gida ne."

Aka kira shi har sau biyu kafin ya zo. A bakin zaure ya tsaya ya cire takalmansa ya jera su, ya tako cikin laka, ya tsuguna nesa da ɗakin, hannu ɗaya a ƙasa. Duk sauranmu da takalmanmu a ƙafa.

Na fara da kaji da baƙar akuya, na ce ba a abinci ba ne, ba kuma garin Chinedu ba ne. Na ce ba wanda ya hauro katanga. Na nuna wa Mai Unguwa wuyan awakin ya taɓa da hannunsa. Chinedu ya fito da kwalbar ya faɗi abin da ya faɗa mini.

Wani daga zaure ya ce, "To ai ita ma za ta iya sayen allura."

"Za ta iya," na ce. "Hajiya, in ba damuwa, taso ki ga wani abu."

Sadiya ta riƙo ta muka je bayan garke. Na ɗaga bahon. Na buɗe ƙofar langa-langa na nuna mata inda aka jera takalmi. Ban faɗi sunan kowa ba.

"Wanda ya shigo nan ba mugunta ta kawo shi ba. Magani ya kawo. Ya cire takalmi, ya tsuguna ya gaida ɗakinki, sannan ya kama awakin."

Hajiya ta dubi ƙasa, ta daɗe. Ba ta waiwaya inda Kamalu yake ba, amma na ga ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Sadiya ta saki hannunta ta dafe bango. Muka dawo, Hajiya ta zauna.

"Mai Unguwa, a bar maganar nan. Kwanansu ne ya ƙare. Ko waye, na yafe. Kowa ya tafi gida."

Mai Unguwa ya sauke numfashi, ya fara gyara riga zai tashi. "To alhamdu lillahi. Maman Dami, kin ji, Hajiya ta yafe. Sai ki..."

"Ta yafe wa wa?"

Kowa ya juya. Maman Dami ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Hajiya, me kika yafe mini? Gobe in na fita, yaran can za su ce ga mai guba da aka yafe wa. Wa zai ci kifina? Ni ba na son yafiya. A faɗi sunan mutum, ko in hau mota."

"Folasade, ki yi haƙuri, akwai abin da ba a..."

"Ban yi ba, Hajiya. Tun azahar nake haƙuri."

Mai Unguwa ya dube ni. Na san in na buɗe baki, gidan nan ba zai koma yadda yake ba, in kuma na yi shiru, matar nan ta tafi da abin a kanta. Ina cikin neman ta inda zan fara sai na ji murya daga ƙasa.

"Ni ne."

Kamalu bai ɗago ba. Maganar ma da ƙyar take fita, kuma Mai Unguwa yake wa ita, ba Hajiya ba.

"Sadiya ce ta ce Inna ba ta barci saboda tarin. Na san in na aiko da magani za ta ce a mayar, ba ta karɓar abu daga hannuna. Ni kuma ba zan iya tsayawa gabanta in ce ga yadda za a yi ba. Bijimina ya yi irin tarin nan, allurar nan ta tashe shi, saura ya rage a kwalba. Na ce in ta tafi Izom sai in yi musu, ta dawo ta ga sun warware, ba sai ta san ni ne ba. Na rage musu, wallahi na rage. Na ce akuya ai kamar tunkiya ce."

"Kana tsugune a ƙofar nan tun azahar," in ji Mai Unguwa, "kana ji ana zagin baiwar Allah."

"Ina ji. Sau nawa ina miƙewa. In na tuna a gaban Inna zan faɗa, sai ƙafata ta ƙi." Sai a nan ya juya wajen Maman Dami, hawaye na bin gemunsa. "Mama, na cuce ki."

Ta sunkuya ta ɗauki jakarta. Na ji samarin da ke zaure suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Chinedu ya mayar da kwalbarsa aljihu, ya ce a hankali, baƙar da ta rage a kira likita gobe, in an samu mai kama ta.

Hajiya ta juya wajen 'yarta, fuskarta har yanzu a rufe.

"Gaya wa baban Khadija ya je ya sauke kayan nan daga mota, ya mayar mata ɗaki. Shi kaɗai. Kada wanda ya kama masa."

*

An fara yayyafi lokacin da ya ɗauko katifa a ka. Maman Dami na zaune a benci ƙarƙashin barandar Mai Unguwa, tana nuna masa da baki. Gado can, firji a kusurwa, tukwanen a hankali. Mai Unguwa ya zo ya tsaya kusa da ita yana ta murza hula, ya ce abin da ya faru kuskure ne, ta zauna abinta, ba mai sake taɓa ta.

"Na ji, Alhaji."

Can sai ga Hajiya ta fito, abin da ba ta cika yi ba, Sadiya na riƙe mata da lema. Ta tsaya a gaban bencin.

"Folasade."

Maman Dami ta dube ta, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ɗauke jakarta daga kan bencin ta ɗora a cinya.

"Zauna, Hajiya, ƙafarki. Amma yau kada ki ce mini komai. Na gaji."

Hajiya ta zauna.